Kujerar Gefen Direba

Zuwa ga Yaya,

Ki gafarce ni da na ɗora miki karatun wasiƙa a kan gajiyar aikin asibiti. Na san da kumburarrun ƙafafu kike dawowa gida, ba dogon zance kike bukata ba. Na sha ɗaukar waya in kira ki, sai in ajiye, domin da na ji muryar mutum maganata take gudu, in ƙare a tambayar lafiya da yanayin gari. A takarda kuwa ina samun damar auna kalma kafin in sake ta.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ya aiki, ya sanyin garinku, ya ciwon bayan da kika ce yana taso miki? Mu nan sai godiya. Ƙaninki lafiyarsa ƙalau, tun da ya ajiye aiki ya zama mai gadin rediyo. Ni ce dai gwiwar hagun nan ta ƙi ni, yanzu a kan kujera nake salla, matan unguwa masu zuwa karatu ma daga zaune nake biya musu. 'Yan matan suna gidajen mazajensu lafiya, duk suna gaishe da Gwaggonsu.

Maganar ɗanki ce, Auta. Kin san tun da ya gama karatu ya kama aiki a wajenku ake cewa bana zai dawo, bana zai dawo. Wannan karon da bakinsa ya tabbatar mini kafin damina ta sauka yana gida. Na sa aka yi wa ɗakinsa fenti, na canza labule, katifar ma an fitar da ita ta sha rana.

To ranar hutun da ta wuce ya kira ya ce ya sayi mota. Na yi masa addu'a. Ya ce motar tsere ce, kujerarta biyu kacal, kuma a can ta fi araha nesa ba kusa ba. Daga nan ya ce akwai wani wakili mai harkar aika motoci da ya ba shi shawara, wai idan mota ta jima a hannun mai ita a can, yana hawanta da sunansa, kuɗin fiton da za a karɓa a tashar jirgin ruwa zai ragu sosai. Saboda haka zai ƙara zama, kusan shekara.

Na ce masa to. Me zan ce? Muryarsa kamar ta ranar da babansa ya kawo masa keke. Bayan ya kashe, na zauna riƙe da wayar har aka kira la'asar.

Ƙaninki kuwa sai murna, wai yaro ya san abin da yake yi. Na tambaye shi, mota mai kujera biyu, in aka tashi zuwa dubiya ina za a sa ni, ina za a sa shi? Ya ce, "Ke ki shiga gaba, ni in bi ku a ƙafa ina ɗaga wa jama'a hannu." Kin san shi, ba a zancen kirki da shi in yana cikin raha.

Yaya, ni ban san harkar mota ba, ban kuma san girman ragin da za a yi masa ba. Tambayata kawai, ya kai a ba da shekara guda saboda shi? Ke ce a kusa da shi, a gidanki yake kwana yake tashi, kuma yana jin maganarki. Ki ɗan taɓa masa zancen da dabara. Kada ki ce na rubuto, ba na so ya ɗauka na raina abin da ya saya da guminsa.

Ƙanwarki,
Maman Auta

*

Amaryarmu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, rubutun nan naki mai kama da an jera shi da zare. Shekara talatin da ɗoriya kina gidan ƙanena, har yau sai kin nemi gafara kafin ki yi mini magana. Wata rana atishawa ma sai kin nemi izininta.

Lafiyata lau, bayan ne dai yana nan yana mulkinsa. Ki riƙa gasa gwiwar nan da ruwan ɗumi, ki kuma daina durƙuson wanke-wanke, na san halinki.

Yanzu maganar mota. Amarya, ba ki ga abu ba! Ja ce, jawur, gajeriya kamar ta kwanta tana sauraren ƙasa. Rufinta buɗewa yake yi ya naɗe kansa a baya. Tare muka je sayenta. Yaron nan ya iya aikinsa na injiniya amma bai iya ciniki ba, yana ganinta ya fara murmushi a gaban mai ita. Na take masa ƙafa, na ce wa mutumin tayoyin sun tsufa, launin ma ya yi yawa, mu tafiyarmu za mu yi. Har ƙofa ya biyo mu. Da aka gama ya ce wa yaron, mahaifiyarka da wuyar sha'ani take. Muka yi ta dariya har gida.

Yanzu duk ranar da ba ni da aiki sai ya ce, Mama ki shirya. Wakilin ya ce dole a ga alamar an hau motar, ba ajiye ta aka yi ba, to mu ma ba mu yi mata ƙwauro ba. Mun je bakin ruwa, mun je wata kasuwar ƙauye inda na sayo zuma. Ran nan ya buɗe rufin a kan babban titi, iska ta fizge mini ɗankwali, sai da na dafe kai da hannu biyu ina salati shi kuma yana ta ƙyaƙyata dariya. Ni da na shekara da shekaru daga gida sai asibiti a cikin bas, yau ga ni tsofai-tsofai ina yawon buɗe ido.

Batun jinkirin, na taɓa masa kamar yadda kika ce. Ragin ba ƙarami ba ne, ƙanena zai fahimta ko da ke ba ki fahimta ba. Kuma kin haƙura da shekarun karatu da na aiki, 'yan watanni ba za su gagare ki ba. Ke kina da miji, ga 'ya'ya mata, ga jikoki suna hawa miki jiki. Ki bar mini shi ɗan lokaci, ba cinye shi zan yi ba.

Ga hoto na saka miki, wani mai wucewa muka roƙa ya ɗauke mu. Ki nuna wa mai gadin rediyo, ki ce na ce ya rage ciki in yana so ya shiga.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan bayan ya yi sauƙi. Mu lafiya, damina ta sauka, har ta yi nisa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Na fara rubutu sau da dama ina yagewa, don abin da ke fitowa ba irin maganar da ya kamata ƙanwa ta aika wa yayar mijinta ba ne. Wannan ma ban tabbata ba, amma zan aiko.

Hoto ya iso, na gode. Motar ta yi kyau, Allah ya tsare ya sa albarka. Ƙaninki ya zagaya da shi majalisarsu har gefensa ya fara laushi. Da ya dawo mini da shi na sa shi a aljihun tebur, na kife shi. Na je na yi alwala, sai zuciyata ta ce me hoton ya yi miki? Na dawo na juya shi. Bayan salla na sake kife shi.

Na daɗe ina kallonsa kafin nan. Rigar sanyin da ke jikinsa ban san ta ba. Ya yi ƙiba a wuya. Kuma dariya yake yi baki buɗe, haƙora a waje. Yaron nan tun da ya faɗi a makaranta haƙorinsa na gaba ya gutsure bai ƙara buɗe baki a hoto ba, duk hotunansa da ke ɗakina a rufe bakin yake. Ke kuma kina gefensa, gwiwar hannunki a kan ƙofa, kamar wadda aka haifa a wannan kujera.

Yaya, zan yi tambaya, in na yi kuskure Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe. Mai motar ya ce mahaifiyarka. Kin rubuta cewa kun yi dariya. Ba ki rubuta cewa ɗayanku ya gyara masa ba. Na kuma ga yanzu Mama yake ce miki. Da ya bar gidan nan Gwaggo yake cewa. Ba na cewa laifi ne, ke kika riƙe shi, ke kika yi jinyarsa lokacin da sanyi ya kwantar da shi, ni ina nan sai addu'a. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma wakilin nan da ya kawo shawarar a ƙara shekara, a ina Auta ya san shi? Yaron da ko hanyar kasuwa sai an nuna masa?

Tun muna makarantar allo aka koya mana neman tsari daga mai hassada, ni kuma nake koya wa matan da ke zuwa wurina. Ban taɓa zaton ranar da zan karanta ina tsoron da ni ake ba. Jiya wata ɗaliba ta tambaye ni bambancin hassada da sha'awar abin da wani ya samu. Na ba ta amsa daidai yadda aka ba ni, amma ban iya kallon idonta ba.

Gida kuma ya zama wurin aiki. Ƙaninki ya auna hoton da idonsa ya ce motar ba za ta iya hawa dakalin ƙofarmu ba, cikinta zai gogu. Ya kawo magina sun fasa dakalin da nake zama in sha iska, sun shimfiɗa siminti har bakin titi. Bishiyar lemon da na dasa shekarar da aka yaye Auta ma an sare mata reshe biyu, wai kada ta zubar wa motar ganye. Motar da ba ta zo ba ta riga ta fi ni wuri a gidan.

Kin ce in bar miki shi ɗan lokaci. Na bar miki shi tun yana da ƙuruciya a fuska. Ban san ana ƙara wa aro wa'adi ba tare da an tambayi mai abu ba.

Maman Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Damina ta wuce, an shiga wata shekarar, ban ga amsarki ba. Duk ranar da ƙaninki ya je gidan waya sai in bi hannunsa da kallo in ya shigo. In na tambayi Auta, sai ya ce kina lafiya, kina gaishe ni. Na san wasiƙata ta yi kaifi. Na yi nadamar layin ƙarshe, sauran kuwa ban san yadda zan janye abin da yake gaskiya a zuciyata ba.

Mota ta iso. Ƙaninki ya yi ta zarya tashar jirgin ruwa, ya dawo baƙi wuluk da rana amma bakinsa har kunne, ya ce ragin da aka yi musu gaskiya ne, wakilin bai yi ƙarya ba. Na rubuta wannan don haƙƙinsa ne in faɗa. A bayan babbar mota aka kawo ta, unguwa ta fito kallo. Ta shige ƙofar ba ta gogi komai ba, ƙaninki ya kalle ni kamar shi ya ƙera ta. Ya lulluɓe ta da tamfol, makullin kuma ya rataye a ƙusa kusa da rediyonsa. Bai tuƙa ta ba, ya ce sai mai ita ya zo.

Mai ita kuwa bai zo ba. Wa'adin ya cika, mota ta tsallako ruwa, shi yana can. Na tambaye shi yaushe, ya ce, "Umma, akwai abin da ban gama ba." Na ce aiki ne? Ya ce a'a.

Zan faɗa miki abin da na yi, don ba na son ɓoye-ɓoye. Shekaranjiya da ƙaninki ya tafi sallar azahar na ɗauki makullin, abin da ban taɓa yi ba, na ɗage tamfol, na buɗe ƙofar kujerar da ke gefen ta direba. Ƙamshin turarenki ne ya fara tarbata, wanda kike aiko mini da shi a ƙaramar kwalba. An ɗaga kujerar sama, an ja ta baya. An ɗora mata wani matashi mai tauri, an ɗaure shi kada ya zame. A gefen gilashin gaba kuma an kafa wani mariƙi na fata, daidai inda hannu zai kai. Kujerar direban ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na kama mariƙin, na juya, na zauna, na jawo ƙafar hagu a miƙe ta shige ba tare da na lanƙwasa ta ba. Ni da shiga tasi ke sa ni hawaye. Na zauna a nan ina kallon bangon gidana ta gilashi, ina tunanin irin zaman da mutum zai yi ya lura da jikin wani har ya gyara masa wuri haka. Ya san inda hannunki ke kaiwa. Ya san yadda kike zama. Ni in ya kira, ya jiki Umma, da sauƙi, shi ke nan.

Ba ki taɓa gaya mini kina fama da gwiwa ba, Yaya, da ciwon baya na san ki. Ashe har ciwonki akwai wanda shi ya sani ni ban sani ba. Allah ya ba ki lafiya, da zuciya ɗaya na faɗi wannan.

Na fito, na rufe, na mayar da tamfol da makulli. Da ƙaninki ya dawo na gaya masa na taɓa masa makulli. Ya ce ya ji ƙamshin mota a jikina tun daga ƙofa.

In abin da Auta bai gama ba ke ce, ki faɗa mini kai tsaye. Na fi son in sani.

Maman Auta

*

Amarya,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau. Shirun fushi ne, da kunya a cikinsa, ban san wanne ya fi yawa ba. Wasiƙunki biyu suna ƙarƙashin akwatina, yaron bai gan su ba.

Zan bi tambayoyinki ɗaya bayan ɗaya, tun da ke malama ce. Wakilin nan abokin marigayi mijina ne, ni na haɗa su. Shawararsa gaskiya ce, kin gani da idonki. Amma da ya ce sai an ƙara shekara, na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma da kika ce in yi wa yaron magana, da rabin baki na yi. Mai motar da ya ce mahaifiyarka, ban gyara masa ba, kuma da za a maimaita yau ba zan gyara ba. Allah bai ba ni haihuwa ba, sau ɗaya wani ya yi kuskure a kaina, na karɓa na sa a aljihu.

Gwiwata kuwa lafiyarta ƙalau, ko gobe zan yi tsere da ke.

Bari ki ji yadda aka yi wannan kujera. Ba a daɗe da sayen motar ba ya ce in raka shi wajen makanike. Muna isa ya fito da bandeji daga aljihu, da wani ɗan katako, ya ce in ɗaure gwiwata ta hagu yadda ba za ta lanƙwasu ba, tun da ni ce ma'aikaciyar jinya. Na ɗaure. Ya ce in shiga. Na shiga da ƙyar. Ya ce in fito. Makanike ya ɗaga kujera, na sake shiga. Aka ja ta baya, na sake. Aka kawo matashi, ya yi laushi, aka canza. Aka kafa mariƙi, ya ce a sauko da shi, "Umma ba ta kai Mama tsawo ba." Yini guda ina shiga ina fita da ƙafa a sanƙare, masu aiki suna kallona kamar mutum-mutumin shagon tela. Da na ce na gaji, sai ya ce, "Ki daure, ita kullum haka take ji."

Daga ranar duk inda muka je da ke muka je. A bakin ruwa, Umma za ta so nan. A kasuwa, Umma ba ta son zuma mai duhu. Ranar da iska ta ɗauke mini ɗankwali, yana gama dariya ya ce in Umma ce a ciki ba zai buɗe rufin ba, ba za ta so kanta ya buɗe a titi ba. Shekara guda ina ɗumama miki kujera, Amarya, ke kina can kina kishina. Da za a yi adalci ni ce mai kife hoto. Ya hana ni faɗa miki, wai sai ya zo ya buɗe miki ƙofar da hannunsa. To kin riga shi, ni kuma na karya alkawari, sai mu haɗu mu ba shi haƙuri.

Abin da bai gama ba, e, ni ce. Ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki. Wata rana ya dawo ya same ni a tsakiyar matakala da kayan cefane, na kasa hawa na kasa sauka saboda bayan nan. Tun daga ranar ya kafe, wai ba zai sayi tikiti ba sai guda biyu. Na ce masa ba ni da kowa a gida sai ƙanena, kuma gidan ƙanena akwai matar gida. Ya ce Umma ba za ta ƙi ba. Ni kuwa na karanta abin da shi bai karanta ba.

Ga hanya mai sauƙi. Ki kira shi ki ce ya taho, da muryar uwa, ba da wannan to ɗin naki ba. Ba zai iya ƙi ba. Ni kuma zan haɗa masa kaya in raka shi filin jirgi, ba zan yi kuka a gabansa ba. Na zauna ni kaɗai kafin ya zo, na san yadda ake yi. Aron da kika ce, ga shi na mayar.

Yayarki

*

Zuwa ga Yaya,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ya bayan? Ki daina ɗaukar kaya a matakala, don Allah. Mu lafiya. Ƙaninki kullum da safe sai ya ɗage tamfol ya goge motar da ba ta yi ƙura ba.

Na karanta wasiƙarki a rumfar karatu kafin mata su zo. Da suka zo na ce su yi tilawa, yau ba ƙari. Na nemi gafarar Allah a kan zaton da na yi, yanzu ina neman taki.

Sai dai kada ki ɗauka na warke. Da na kai wurin bandejin na yi kuka, ina share hawaye kuma sai kishin ya sake taso mini: ke kika ga wannan yinin. Ke kika ji ya ce ita kullum haka take ji. Ni aka yi wa, amma ke kika gani. Kin ga irin zuciyar da nake fama da ita.

Na yi tunanin hanyar da kika ba ni. Na ma ɗauki wayar. Na san zai taho. Amma na san ɗana, zai zauna a ɗakin da na yi wa fenti jikinsa a nan, hankalinsa a kan matakalarki. Zai ɗauke ni a motar yana murmushi baki rufe. Kuma wata rana za a tambaye ni yadda na yi da matar da ta riƙe mini ɗa, ba ni da amsar da zan bayar.

Saboda haka ki taho. Ba ƙaninki ya sa ni ba, sai da na yanke na gaya masa, ya kashe rediyo da kansa ya zauna yana kallona. Ɗakin 'yan matan yana nan babu kowa, a ƙasa yake, ba matakala ko ɗaya, tagarsa tana kallon bishiyar lemon, abin da magina suka bari nata. Zan sa a kawo katifa mai tauri saboda bayanki. Ba zan yi miki alkawarin kullum za ki same ni da sakakkiyar fuska ba. In ya shigo ya fara leƙa ɗakinki kafin nawa, zan ji, kuma za ki gane na ji. Ya ci gaba da kiranki abin da ya saba. In kin ga na yi kamar ban ji ba, kada ki yi mini dariya a gabansa.

Sharaɗina ɗaya ne. Ranar da ya fara fitar da motar nan daga gida, ni ce a ciki. Zan tsaya ya buɗe mini ƙofar, in yi mamakin mariƙin iyakar abin da zan iya ba tare da na yi ƙarya ba. Bayan nan sai mu riƙa karɓa-karɓa. Ranar da zai buɗe rufi taki ce, na bar miki duka.

Matashin na cire na wanke, na shanya, na sake wankewa. Turarenki bai fita ba. Na mayar da shi na ɗaure yadda na same shi.

Hoton ma ya fito daga aljihun tebur, yana kan kantar falo. Da fari agogo ya tare ɓangarenki, ba zan ce ban lura ba. Jiya na ɗan matsar da agogon. Yanzu ana ganin kafaɗarki da rabin fuska.

Ban gaya wa Auta komai ba, na fi so ya ji daga bakinki cewa tikiti biyu zai saya. Ki amsa mini da wuri, Yaya, kada ki yi irin shirun baya. Mai fenti yana jiran in faɗa masa launin da kike so.

Ƙanwarki,
Maman Auta